Ranar da Aka Tambaye Ni Nonon Wa Na Sha

Isufu da Mariyama, wannan babin naku ne ku biyu, jikoki su jira sai kun ga ya dace ku ba su. Tun da kuka ɗauko ni kuka kawo ni Greensboro kuke ƙorafi a kan abu ɗaya, wai Mama ba ta zuwa dubiya. Biki ina zuwa, suna ina zuwa, ta'aziyya ni ce ta fari a mota, amma da an ce wance na kwance sai ƙafata ta tashi da ciwo. A bazarar da ta wuce matar limaminku ta yi mako biyu a asibiti, matan Nijar da na Gana duk suka je, ni kuwa ina zaune a Pleasant Garden ina ɓarar gyaɗa. Ke Mariyama kika shigo da kayan aiki a jikinki, ko makullin mota ba ki ajiye ba.

"Mama, mutane fa suna magana. Cewa suke kin fi ƙarfin gaida marar lafiya."

"Su yi ta faɗa. Ƙafata ce."

"Ƙafar da ta je biki Sedgefield shekaranjiya?"

Na yi miki tsawa, na ce Amurka ta cire miki kunya. Gaskiyarki ce, ƙafata lafiyarta lau. Tsoro ne, kuma tsoron ya girme ku nesa ba kusa ba. Ga shi zan faɗa muku tun bakina yana motsi.

Matar da kuka sani a matsayin kakarku, Kande, wadda sunanta ke kan fasfona da katin zamana, ba ita ta haife ni ba. Gwaggona ce, yayar babana. Uwata sunanta Dije. Babana ya auro ta daga kudu, hayin iyakar Ingilishi, ya kawo ta ƙasarmu, yinin tafiya guda daga Tasawa. Ba a cikin gari suka zauna ba, a tunga suka zauna, wato 'yan bukkokin gona can nesa da mutane, su da Gwaggo Kande da mijinta. A can aka haife ni. Ina shekara shida babana ya rasu, muka tattaro muka dawo gari, aka ba mu ɗaki ɗaya a gidan Gwaggo. Inna doguwa ce, baƙa, mai manyan idanu, kuma ba ta iya sunkuyar da kai ba. In tana magana da mutum, ko mai gari ne, cikin ido take kallonsa. Daddawa take yi tana sayarwa, ba ta roƙon kowa, in an taka ta kuma ta rama a take. Ba ta da dangi ko ɗaya a garin, kuma a lokacin ban san wannan abin tsoro ba ne.

Daminar da na cika shekara tara, 'yar mai gari, Lami, ta zo gida haihuwar fari. Inna tana son Lami, tun tana ƙarama ita ke yi mata kitso. Bayan suna da kwana biyu zazzaɓi ya rufe mai jegon. Inna ta dama kunun kanwa ta tafi dubiya. Ta je ranar farko, ta koma ta biyu, ta koma ta uku, tana zama a bakin gado tana shafa mata goshi, jiki kuwa kullum sai ƙara tsanani yake. Rana ta huɗu aka aika wani gari aka kira sarkin mayu. Shi wannan mutum ne da ake cewa da can maye ne, ya daina, ya koma kama 'yan'uwansa. Ya sa aka lulluɓe Lami da zane, ya turara mata wani hayaƙi, yana tambayarta wa take gani. To don Allah, mai zazzaɓin da ta yi kwana uku tana buɗe ido a kan fuska ɗaya, wa za ta gani? Ta ce Inna Dije.

Ni a bakin rijiya labarin ya same ni, da hantsi. Na ajiye tuluna sai na ga 'yan mata suna janye nasu. Wata mata da ta saba ba ni ƙanzo ta fizge ɗanta ta mayar da shi bayanta, ta tofar da yawu a gabana.

"Kurwata kur. Ki ci kanki, ki sha baƙin ruwa."

Na juya in ga da wa take. Babu kowa a bayana. Na bar tulun a nan na ruga gida, na tarar da ƙofarmu cike da maza da sanduna, ana jan Inna, ɗankwalinta a ƙasa.

Ku da kuka yi lakwal, wato boko, bari in faɗa muku abin da mutanenmu suka yarda da shi, don ku gane inda aka sa mu. Cewa ake maye yana da ƙanƙara a cikinsa, wasu 'yan duwatsu, da su yake ganin kurwar mutum ya kama ya ɓoye. In bai sake ta ba mutum ya yi ta ciwo har ya mutu. Maganinsa a kawo mayen ya tsallaka marar lafiyar sau uku, kurwa ta koma. Kuma ana cewa maita a nono ake shan ta. Wanda ubansa ne maye gani kawai yake yi, ba ya ci. Wanda ya sha nonon mayya kuwa ya gama zama maye, ko bai sani ba. Ba mai aurensa, ba mai cin abinci da shi, duk yaron da ya yi atishawa a unguwa shi za a nema. Saboda haka ranar ba Inna kaɗai ake ja ba, har da ni, sai dai ba a zo kaina ba tukuna.

Abin da ya hana a kashe ta a ƙofar gida shi ne kumandan. Baturen Faransa mai mulkin ƙasarmu ya fito rangadin ƙidayar mutane, washegari zai sauka garinmu. Mai gari ya ji tsoron Bature ya tarar da gawa, rawaninsa ya tafi. Sai ya sa aka kulle Inna a wani ɗaki bayan zaurensa, ya ce a jira shari'a. Da azahar aka bar ni da Gwaggo muka kai mata fura. Tana zaune a ƙasa, leɓenta ya fashe. Ko kallon ƙwaryar ba ta yi ba.

"Yaya Kande, ni tawa ta ƙare. In na ƙi tsallakawa, su ce na riƙe. In na tsallaka ta tashi, su ce na saki. In ta mutu, su ce na riga na cinye. Yarinyar nan nake ji."

"To ya za mu yi, Dije? Kowa ya san ke kika haife ta."

"Haihuwa ba laifi ba ce a wurinsu, nono ne. A tunga na haife ta, daga ni sai ke sai ungozoma, ita kuwa ta rasu. Shekarar kika rasa jaririnki, nononki bai ƙafe ba. Ki ce an gwada nawa, an sa tururuwa a ciki ta mutu, aka ce ba shi da kyau, aka ba ki ita."

"Za su ce in dafa Alƙur'ani."

"Na sani."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Mace ce mai tsoron Allah, ko kazar maƙwabta ta yi ƙwai a gidanmu sai ta mayar. Can ta ce Allah ya yafe mana. Sai Inna ta jawo ni gabanta ta riƙe kafaɗuna.

"Zulai, in an tambaye ki nonon wa kika sha, wa za ki nuna?"

"Ke mana, Inna."

Ta ɗauke ni da mari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa sa mini hannu ba sai ranar. Ta sake tambaya, ina kuka na sake cewa ita, don ni an daɗe ba a yaye ni ba, har ɗacin maɗacin da ta shafa ranar yaye ina tunawa. Ta ƙara mini wani. A ta uku na nuna Gwaggo. Ta ce yawwa, ta goge mini fuska da bakin zaninta. Mai gadin ƙofa ya leƙo ya ce mu fita haka nan.

Washegari da hantsi aka taru a gindin tsamiyar ƙofar mai gari. Duk garin ya fito, har masu jego. Kumandan yana kan kujera, wuyansa ja wur, hularsa a gwiwa. Tafinta na tsaye a gefensa, gardi biyu, wato dogaran Bature, da bindigogi a bayansa. Ban taɓa ganin Bature kusa ba, amma wallahi ba shi nake tsoro ba, mutanen da na sani nake tsoro, don babu fuskar da ta yi kama da yadda na san ta. Aka ɗauko Lami a tabarma aka shimfiɗe, ta rame, idonta ya juye. Aka fito da Inna. Mai gari ya yi bayani, sarkin mayu ya yi nasa, tafinta yana juyawa. Bature ya yi magana gajeriya.

"Kumandan ya ce a dokar Faransa babu maita. Ba zai ɗaure mace a kan mafarkin mai zazzaɓi ba."

Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Amma sai taro ya ɗau guna-guni, maza suka fara matsowa, gardi suka gyara riƙon bindiga. Mai gari ya durƙusa ya ce shi dai in Bature ya tafi jibi, ba zai iya riƙe mutanensa ba. Kumandan ya dubi taron, ya tambaya me suke so a yi. Aka ce ta tsallaka. Ya tambaya ko tsallakar tana da zafi, aka ce babu. Ya ɗaga kafaɗa, ya ciro wani ɗan littafi daga aljihu, har da murmushi.

"Ya ce to ta tsallaka, shi ma ya gani."

Shi kallo ya samu. Aka cire wa Inna mayafi, aka bar ta da ɗaurin ƙirji a gaban maza. Ta tsaya a kan Lami ta daɗe tana dubanta, ta ce da ita, "Allah ya ba ki lafiya, 'yata." Ta ɗaga ƙafa ta tsallaka. Ta juyo ta tsallaka. Ta sake. Aka ba ta ruwa ta kurkure baki ta zuba a ƙoƙo, aka ɗura wa Lami. Ni ina maƙale da zanin Gwaggo, fitsari yana bin ƙafata, ban ma sani ba sai daga baya.

Akwai abin da ba wanda ya lissafa. A cikin 'yan rakiyar kumandan akwai malamin asibiti mai akwatin allura. Da la'asar ɗin ranar ya shiga gidan mai gari ya yi wa Lami allura, ya bar mata ƙwayoyi. Kowa ya gani. Ni kuwa kwana biyun nan ban san addu'ar da zan yi ba. In na roƙa mata sauƙi, na roƙa a tabbatar da uwata mayya. Sau ɗaya na ji zuciyata tana cewa gara ta mutu, sai gabana ya faɗi, na ce to ai wannan shi ne tunanin mayu, ko dai ya fara motsi a cikina? Na dinga latsa cikina a bayan rumbu ina neman duwatsu. Rana ta uku da safe muka ji guɗa daga gidan mai gari. Lami ta tashi zaune, ta sha kunu, ta nemi jaririnta. Ba wanda ya ambaci allura.

Aka sake taruwa a gindin tsamiya kafin kumandan ya kama hanya. Sarkin mayu ya tsaya a tsakiya, ƙirji a gaba.

"Uwa ta tabbata, kowa ya gani da idonsa. Saura 'ya."

Duk wuyan da ke wurin ya juyo kaina. Waɗanda ke kusa da mu suka ja baya, muka rage daga ni sai Gwaggo a fili. Ta miƙe, muryarta can ƙasa, ta faɗi abin da aka shirya, na tunga, da tururuwa, da jaririnta da ya rasu. Tafinta ya sha wahala kafin Bature ya gane ana shari'ar nono ne, da ya gane ya yi dariya ya rubuta. Mai gari ya tambayi Inna. Ta ce, "Ni haihuwa kawai na yi. Ban taɓa sa mata nono a baki ba." Sarkin mayu ya ce maganar mayya ba shaida ba ce, a kawo Littafi. Liman ya kawo. Gwaggo ta yi alwala a gaban jama'a, ta ɗora hannu, ta rantse. Ina jin ƙarar haƙoranta. Na ɗauka an gama, sai sarkin mayun ya tako ya tsuguna a gabana, bakinsa ja da goro, warin hayaƙi a rigarsa.

"Manya sun iya shirya magana. Yarinya ba ta iya ba. Ke, dube ni nan. Ga Littafin Allah yana jin ki. Nonon wa kika sha?"

Inna tana tsaye taku biyar daga inda nake. Na san in na nuna ta, tare za a kore mu, in kwana a bayanta kamar kullum. Wallahi abin da raina ke so ke nan. Na kuma ga sandunan da ke hannun maza, na tuna matar bakin rijiya. Kullum ina gaya wa kaina umarninta na bi. Amma tun da na ce zan faɗi gaskiya, tsoro ne ya ɗaga hannuna. Na nuna Gwaggo Kande. Da na saci kallon Inna sai na ga ta sunkuyar da kai, ranar na fara ganin haka.

Kumandan ya yanke cewa gardi ɗaya ya raka ta har iyaka, ta koma ƙasar iyayenta, wai don tsaron ranta. Magatakardansa ya buɗe littafin ƙidaya ya rubuta ni a ƙarƙashin Kande, sunan ke nan da ya biyo ni har Amurka. A ranar Inna da gardin suka tafi, rana na tsaka. Hanyar fita gari ta ƙofar gidanmu ta bi. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, don kada a ce ta kalli ɗan wani a kan hanya. Muna tsaye a bakin ƙofa, Gwaggo ta danna farcenta a kafaɗata, tana cewa a kunnena kada in kuskura in yi kuka, ana kallonmu. Inna ta wuce ta gabana har iskar zaninta ta taɓa ni. Ƙafafunta kawai na gani, da kaushin da nake goge mata da dutse ranar Juma'a. Ba ta tsaya ba. Kafin la'asar an farfasa tukwanen daddawarta.

Ban sake ganinta ba. Ina da cikinka, Isufu, wani falke ya gaya wa Gwaggo ta rasu a wani ƙauye a ƙasar Katsina, tana wa mutane surfe. Gwaggo kuwa tun daga ranar rantsuwa take azumin Litinin da Alhamis har ta koma ga Allah, ko tana ciwo, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko mu biyu ne a ɗaki. Ta riƙe ni da amana, ta aurar da ni can Maraɗi inda ba a san mu ba. Babanku har ya rasu bai sani ba. Na yi makarantar dare ta matan aure, na je Makka, na ji malamai da yawa suna cewa zargin maita zalunci ne, na kuma yarda. Na san allura ce ta tashi Lami. Uwata ba ta ci kowa ba, kunu ta kai. Duk wannan kaina ya sani. Amma ni na san nonon da na sha, kuma duk ranar da na sa muku nawa a baki sai gabana ya faɗi.

Isufu, kana shekara uku zazzaɓi ya kama ka, mai tsanani, har kana sanƙarewa. Mun kai ka asibiti wurin lokotoro, ya yi maka allura, muka dawo gida. Kwana biyu ina zaune a kanka ina shafa maka goshi, jiki sai gaba yake. Rana ta uku da azahar, babanka na kasuwa, ka buɗe ido ka zuba mini, ka ce Mama. Duk ɗan da ba shi da lafiya uwarsa yake kira, na sani. Amma ni abin da na ji shi ne ka kama suna. Na tashi na rufe ƙofa na sa sakata. Na shimfiɗe ka a tabarma, na cire ɗankwalina, na tsallaka ka sau uku. Na kurkure baki na ɗura maka.

Kafin la'asar gumi ya karyo maka, ka tashi zaune ka ce za ka sha ruwa. Na ba ka. Sannan na fita bayan ɗaki na sa yatsa a maƙogwaro na yi ta amai, na durƙusa ina tona shi da tsinke. Ban ga komai ba sai tuwon da na ci. Kana ciki kana ta kiran Mama, Mama, ni kuwa ina tsugune a rana na kasa shiga, don ban san da wane ido zan dube ka ba.